Gidan da Na Saya a Gwanjon Banki: Kundin Aiki daga Janairu zuwa Satumba

Asabar, 13 ga Janairu, 2024

Yau na ga gidan da idona, bayan mako biyu ina jin labarinsa a bakin dillali. Yana cikin wata unguwa da ke gefen titin Maiduguri a Kano, a kan fili mai ƙafa 50 a faɗi da 75 a tsawo. Ginin bulo da siminti ne mai ɗaki uku da falo da kicin, sai zaure, sai rijiya da bishiyar darbejiya a tsakar gida. Mai shi ɗan kasuwa ne da ya jinginar da takardar gidan ga wani banki ya karɓi bashi, kasuwa ta karye, biya ya gagara, aka yi ta jan magana har iyalin suka tashi, gidan kuma ya zauna a kulle shekara shida a faɗar maƙwabta. Yanzu bankin ya sa shi a gwanjo tare da wasu kadarori.

Wakilin bankin ya zo da makulli, amma sai da aka ɗiga wa kwaɗon baƙin mai aka bubbuga shi kafin ya buɗe. Tumfafiya ta fi ni tsayi a tsakar gida, busasshen ganye ya binne daɓen gaba ɗaya, ledoji da tsummoki da fasassun robobi kuwa sun taru a jikin katangar gabas har kusan rabinta, alamar an daɗe ana cillo shara daga waje. Warin jemage ne ya tare mu a ƙofar falo.

Na je da birkilan da ya yi wa yayana gini, kuma na lura ko kallon sharar bai yi ba. Kusurwoyi ya riƙa bi yana ƙwanƙwasa bango da bayan guduma. Da na nuna masa tarin ledojin, cewa ya yi: “Maigida, shara ba ciwo ba ce, mako guda ta tafi. Bari in ga abin da ke ƙarƙashinta.” Hukuncinsa shi ne harsashin ginin yana da ƙarfi, bangon baya ya sha ruwa kuma kanwa ta fara cin sa daga ƙasa, rufi kuwa ba zai ce komai a kansa ba sai an sauke silin.

Alhamis, 1 ga Fabrairu, 2024

Na biya kuɗin jiya, kuma yau aka damƙa mini makulli. Abin da na biya bai wuce kashi biyu cikin uku na farashin irin wannan gida a unguwar ba, sai kuɗin lauya da la'adar dillali a kai.

Kwanakin da suka gabata duk a kan takardu suka ƙare. Lauyan da na ɗauka ya ƙi yarda in ba da ko kobo sai da ya duba fayil ɗin filin a KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye a Jihar Kano, ya tabbatar cewa sunan da ke kan takardar shaidar mallaka shi ne na wanda ya ci bashin, cewa an yi wa jinginar rajista, kuma babu wani banki na biyu da yake da haƙƙi a kan gidan. Ya nemi ganin takardar gargaɗin da aka aika wa mai gidan da sanarwar gwanjon, sannan ya bincika ko akwai ƙarar da ke gaban kotu, domin a cewarsa yawancin waɗanda suka yi kuka da gidan gwanjo shari'ar da suka gada ce ta sa su kuka, tun kafin su kai ga gyara. Ya kuma tunatar da ni cewa a ƙarƙashin Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne a matsayin amana, saboda haka sayen fili mai takardar gwamnati ba ya cika sai gwamna ya amince da sauya sunan. Wannan matakin yana gaba.

Akwai wani binciken da lauya ba zai iya yi mini ba. Tun ranar da na ga gidan zuciyata take mini nauyi a kan sayen abin da aka raba mutum da shi yana cikin ƙunci, har na kai maganar gaban malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa. Ya ce jingina tana da asali a shari'a, ya karanto aya ta 283 a Suratul Baƙara, ya ce idan biya ya gagara ana sayar da abin jinginar a biya mai bin bashi haƙƙinsa, ragowar kuma ta koma ga mai kaya. Amma ya karanto mini aya ta 280 ma, wadda ta ce a yi wa mai ƙunci jinkiri, ya ce kuɗin ruwan da ke kan bashin magana ce tsakanin waɗanda suka ƙulla shi, ni dai kada in yi haɗin baki a karya farashi, kuma kada in wulaƙanta mutanen gidan idan hanya ta haɗa mu. Lauyan ya tabbatar mini cewa dokar ƙasa ma ta wajabta wa banki mayar da ragowar kuɗin idan akwai. Ban ce nauyin ya sauka duka ba, amma na sa hannu.

Asabar, 24 ga Fabrairu, 2024

An gama kwashe shara. Leburori shida ne suka yi kwana biyar da shebur da manjagara da adda da baro, tifa ta yi sawu bakwai. Na ƙarshen sai da ya jira ƙarfe goma na safiyar yau, domin Asabar ce ta ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, ba a zirga-zirga kafin lokacin. Na saya wa kowa takalmin roba da safar hannu, biyu daga cikinsu suka yi mini dariya suka ajiye nasu a zaure, sai da aka kashe kunama ta huɗu a ƙarƙashin wani tsohon buhu suka koma suka ɗauka. Gafiya ta yi rami uku a gindin katanga. 'Yan jari-bola sun saye gawar firji da gadon ƙarfe da wasu gwangwanaye, kuɗin ya biya abincin ma'aikata na kwana biyu.

Kuskurena na farko ya fito a kwana na biyu, da muka zo da safe muka tarar da sabuwar leda cike da shara an cillo ta kan wurin da muka share. Raina ya ɓaci, na nufi gidan mai unguwa da ƙorafi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: “Malam, sannu da zuwa unguwarmu. Jiya dai na ji an ce wani baƙo yana aiki a gidan Alhaji.” Kunya ta kama ni, na ce: “Ranka ya daɗe, na yi laifi, nan ya kamata in fara zuwa.” Da kansa ya zagaya da ni gidaje biyar na maƙwabta bayan la'asar, muka gaisa, kuma daga ranar ba a sake cillo ko tsinke ba. Na lura har yanzu kowa “gidan Alhaji” yake cewa, kuma ban gyara wa kowa ba.

Da sharar ta tafi sai dalilin lalacewar bangon baya ya bayyana. Ramin da ruwan tsakar gida yake fita ta cikinsa ya toshe da ganye da leda, kwatar waje ma ta cike da ƙasa, ke nan damina shida ruwa yana kwanciya a gindin bangon har sai rana ta shanye shi.

Siminti ya tsayar da ni. Buhun da nake lissafi a kan naira dubu biyar da wani abu a ƙarshen bara ya haura dubu goma a wannan watan. A ranar 19 ga wata ministan ayyuka David Umahi ya zauna da manyan kamfanonin siminti a Abuja, aka sanar da farashi tsakanin naira 7,000 da 8,000 a kan buhu mai kilo 50. Zan jira in ga saukin a shago, kafin nan zan yi ayyukan da ba su buƙatar siminti.

Lahadi, 17 ga Maris, 2024

Azumi ya kwana bakwai, aiki ya koma daga bayan asuba zuwa hantsi. A makon nan aka ɓalle ƙofar ɗakin ƙurya, wanda makullinsa ba ya cikin waɗanda aka ba ni.

Ɗakin bai lalace kamar sauran ba, domin tagarsa a rufe take ruf. A ciki akwai akwatin ƙarfe, da jeren kwalla na kayan ɗakin mace an lulluɓe su da zane, da alluna uku, ɗaya da rubutunsa ba a wanke ba. A jikin bango, daidai tsayin yaro, an rubuta jadawalin sau bakwai da gawayi, an yi kuskure a bakwai sau takwas. Na buɗe akwatin don in san abin da ke ciki kafin in ɗaga shi: sakamakon jarrabawar yara, hotunan biki, katin asibiti, da wani babban littafi mai baƙin bango. Shafi biyu na duba na gane littafin bashin shago ne, sunayen mutanen da suka karɓi kaya a hannunsa da abin da yake bin kowannensu, mafi yawa ba a soke su ba. Na rufe shi ban ƙara ba.

Ɗaya daga cikin leburorin ya tambaya ko a kira 'yan jari-bola su yi wa kwallayen kuɗi. Na ce a'a. Gini da fili banki ya sayar mini, takardar ba ta ambaci kwalla ba. Na je wurin dattijon da ke gidan da ke kallon namu, wanda aka ce shi ne aminin mai gidan, na ce: “Baba, akwai amanar mutane a hannuna, ko ka san inda suke?” Ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce Alhaji ya rasu shekara biyu da suka wuce, uwargidan tana garinsu, babban ɗan kuma yana aiki a Kaduna. Ya ce zai aika masa, amma kada in sa rai da wuri, domin yaron ya rantse ba zai sake taka layin ba. Na kwashe kayan na kai su zaure, na ɗora su a kan bulo huɗu saboda gara, na rufe da tamfol.

Asabar, 20 ga Afrilu, 2024

Bayan ƙaramar Sallah aka sauke silin, kuma nan ne arahar gidan ta fara bayyana dalilinta. Wanda ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa, amma ban zaci girman hudojin ya kai haka ba.

Silin ɗin irin na da ne, allon asbestos, wanda ƙurarsa take illa ga huhu idan aka farfasa shi. Na sa aka yayyafa masa ruwa, aka zare ƙusoshi aka sauke shi allo-allo, kowa da takunkumi a fuska. A samansa kashin jemage ya yi kauri kamar an shimfiɗa taki, shi ma sai da aka jiƙa shi kafin a kwashe, kuma wani mai lambu ya zo ya ɗebe buhu tara yana godiya. Kafinta ya ce kada a toshe kafofin da rana, a bari sai bayan magariba jemagun sun fita kiwo, in ba haka ba za su mutu a ciki wari ya dame mu. Haka aka yi dare uku a jere.

Gara ce ta yi babbar ɓarna. Ta taso daga damshin bangon baya, ta gina hanyoyinta na ƙasa a bayan filasta har ta kai katakon rufi, ta cinye cikinsa ta bar ɓawo. Kafintan ya soka sukundireba a wani katako da ido yake ganin lafiyarsa ƙalau, ta shige har ƙota. Duk ɓangaren baya na rufin sai sabo, na gaba kuwa katako shida kawai aka canza. Na je 'Yan Katako da ke Na'ibawa da shi, ya zaɓa da hannunsa yana ƙin duk wanda bai bushe ba, aka shafe su da Solignum, maganin kare katako daga gara, haɗe da baƙin mai kafin a hau da su. Kwanon rufin ya fi ba ni mamaki, domin kusan kashi biyu cikin uku ya koma wurinsa, sai ƙusa da aka sabunta. Zafin Afrilu bai bar kowa a kan kwano bayan ƙarfe goma sha ɗaya ba, shi ya sa aikin kwana biyar ya ja ya wuce haka.

Kuɗin da na ware wa gyaran gidan gaba ɗaya, rufi kaɗai ya cinye fiye da rabinsa. Tayil da maiɗakina take so a falo ya koma sai wata shekarar.

Asabar, 18 ga Mayu, 2024

Rijiya da sokawe. Masu yasar rijiya biyu suka zo, kuma kafin ɗayansu ya shiga sai da suka zura fitila mai wuta da igiya har ƙasa, ta mutu. Suka ce iskar ciki ba ta da kyau, aka bar bakin a buɗe kwana biyu ana zura ganye ana jan sa sama da ƙasa, har fitilar ta sauka ta dawo da wutarta. Sun fito da laka, da guga huɗu, da takalman yara, da ƙasusuwan wata dabba da ban tambayi ko mece ce ba. An kwashe ruwan sau biyu, an zuba kulorin.

Duk da haka ba za mu sha ruwan ba. Na auna tsakanin rijiyar da sokawe, bai kai mita goma ba, alhali tazarar da masana lafiya suka fi ambata mita 30 ce, fili mai tsawon ƙafa 75 kuwa duk tsawonsa bai kai mita 23 ba. Ruwan zai yi wanki da ban ruwa da aikin gini.

Sokawen ya tsage ta gefe ɗaya, kuma saiwar darbejiya ce ta shiga ta buɗa shi. Birkila ya ce a sare bishiyar a huta. Maiɗakina, wadda ta zo ganin gidan a karo na biyu, ta ce idan aka sare ta to a nemo mata wani gidan, domin inuwar ce kaɗai abin da ta gani ta so tun farko. Mun tsaya a kan a haƙa rami tsakanin bishiyar da sokawen, a datse saiwoyin wannan ɓangaren, a zuba kankare, a kuma rage rassan da suke zubar da ganye a kan kwano. Birkilan bai gamsu ba, ya ce bayan shekara biyar zan neme shi, kuma mai yiwuwa gaskiyarsa ce. Siminti ya ɗan sauko, na sayi buhu 25.

Lahadi, 23 ga Yuni, 2024

An yi ruwa mai ƙarfi daren jiya, na taho da asuba da tocila. Rufi ya yi yoyo wuri biyu, duka a bakin ƙusa, aikin rabin sa'a. Abin da ya dame ni tsakar gida ne: duk da an buɗe ramin fitar ruwa an kuma yashe kwata, ruwa ya kwanta a kusurwar arewa har idon sawu, kuma daidai gindin bangon da muke son ya bushe. Daɓen ya karkata ne zuwa can, ba zuwa ramin ba. Na kasa gane yadda mai gini zai yi irin wannan kuskure, mutane kuma su zauna da shi shekara da shekaru. Birkila ya ce mafita ita ce a fasa daɓen a sake zuba shi, wato buhun siminti kamar 30. Ba ni da su yanzu. Na sa almajirai biyu suna kwashe ruwan da bokiti duk bayan ruwan sama.

Lahadi, 4 ga Agusta, 2024

Aiki ya tsaya tun ranar Alhamis, 1 ga wata, saboda zanga-zangar tsadar rayuwa da dokar hana fita da aka sa a Kano. Dattijon maƙwabcinmu ne yake leƙa mini gidan yana bugo waya.

Kafin tsayawar an kankare filastar bangon baya daga ƙasa zuwa tsayin ƙugu, an bar bulon a buɗe ya sha iska, kuma ba za a mayar da filasta ba sai damina ta wuce, domin idan aka rufe damshi a ciki kanwar za ta sake fitowa ta tumɓuke fentin. An kuma ja sabuwar wayar wuta a ɗaki biyu da falo. Tsohuwar babu ko taku ɗaya, ɓarayi sun shiga ta rufi tun da daɗewa sun zare ta daga cikin bututu saboda jan ƙarfen da ke ciki, sun haɗa da soket da kan famfo. Na sayo waya a Sabon Gari, mai aikin wutar ya yanka ta ya duba kaurin zaren kafin in biya. Na cike takardar neman mita mai kati.

Asabar, 14 ga Satumba, 2024

Ɗan mai gidan ya zo ranar Laraba, wata shida bayan saƙon. Saurayi ne da bai wuce shekara talatin ba, dattijon ne ya rako shi har zaure. Mun gaisa, na yi masa ta'aziyyar mahaifinsa, na yaye tamfol ɗin na ce ya duba ko akwai abin da ya ɓata. Bai buɗe akwatin ba. Allon da ba a wanke ba ya ɗauka ya juya shi, ya ce na ƙanwarsa ne, an yi mata aure bara. Na ce masa akwai littafin shago a ciki, kuma da alama akwai haƙƙin magada a hannun mutane. Ya ce ya sani, mahaifinsu ya hana a bi kowa tun yana raye, amma zai kai wa mahaifiyarsa ta yanke.

Ban yi niyyar ce masa ya shiga ciki ba, don kada in fama masa ciwo, shi ne ya nemi izini. An yi ruwa da daddare, kusurwar arewa tana cike kamar kullum. Ya tsaya yana kallon ruwan, sannan ya ce: “Kawu, ba ku buɗe bututun ba ne?” Na ce wane bututu. Ya naɗe ƙafar wandonsa ya shiga, ya lalubi wani wuri da ƙafa kamar taku biyu daga bango, ya ce a kawo diga. Ƙarƙashin laka da wani guntun daɓe da ya rufta akwai murfin ƙarfe mai huda-huda, ƙarƙashinsa kuma bututu ne da ya bi ta ƙasan ɗakin ƙurya ya fita kwatar layin baya, wadda ban taɓa zagayawa na duba ba. Ashe da gangan aka karkata daɓen zuwa can. Ya ce duk shekara kafin ruwan farko mahaifinsu yakan sa shi ya zura doguwar waya ya fitar da ganye, kuma aikin da ya fi ƙi ke nan yana yaro. Ramin da muka yi ta fama da shi a gaba na ruwan wanke-wanke ne kawai.

Mun zura rodi daga ciki, almajiran suka haƙe bakinsa ta baya, laka baƙa ta fito, ruwan ya janye cikin minti ashirin muna tsaye. Birkila da na kira shi a waya ya yi salati, ya ce shi ma bai zagaya baya ba. Na nemi saurayin ya tsaya ya ci abinci, ya ce motar Kaduna yake so ya kama. Na sa an ɗora masa kayan a a-daidaita-sahu, ya karɓi lambata, ya ce idan na ga wani abu ya shige mini duhu a gidan in kira shi.

Buhu 30 ɗin da na fara tarawa domin daɓe za su tafi filastar bangon baya da gyaran zaure a watan Nuwamba, fenti kuma sai bangon ya bushe sosai cikin hunturu. Takardar neman amincewar gwamna ba ta shiga ba har yau, kuma laifina ne, domin lauya ya nemi shaidar biyan harajina tun watan Mayu ban kai masa ba. Ranar Litinin zan kai, daga can in biya Ƙofar Ruwa in sa a yanka mini sabon murfi na bakin bututun, tsohon ya cinye da tsatsa.